Akwatin Masu Karatu: Soyayyar Ƙananan Garuruwa, Goyon Ba-zata da Batun Yarda

Yawancin wasiƙun da suka taru a akwatinmu wannan watan sun karkata ne ga wani nau'in ƙagaggun labarai na Turanci da ya shiga hannun 'yan matanmu da matan aure ta wayoyin hannu, wato labaran soyayya da ake ginawa a wani ɗan ƙaramin gari na Amurka, inda mace ke wayar gari ta tsinci kanta da goyon da ba ta shirya masa ba. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a Zariya, kuma na karanta irin waɗannan littattafai masu yawa. Kusan duka tafiyarsu ɗaya ce: mace ta baro birni da ciwo a zuciya, ta sauka a ƙaramin gari, jariri ya faɗo hannunta, sannan ga wani namiji mai haƙuri a maƙwabta. Me ya sa marubutan ba sa gajiya da maimaita wannan labari, kuma me ya sa ni ma ba na gajiya da karanta shi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Maimaicin da kika lura da shi da gangan ake yin sa, domin waɗannan littattafai sun fito ne daga wata tsohuwar sana'a mai ƙa'idojinta. Kamfanin Mills & Boon, wanda iyayenki mata da suka yi makarantar kwana za su tuna da ƙananan littattafansa, an kafa shi a Landan a shekarar 1908. Kamfanin Harlequin kuwa ya fara ne a birnin Winnipeg na Kanada a 1949, ya saye Mills & Boon a 1971, shi ma Harlequin ɗin kamfanin HarperCollins ya saye shi a 2014. Tsarinsu shi ne su fitar da sababbin littattafai kowane wata, rukuni-rukuni, kowane rukuni da tsawonsa da irin labarin da ake sa ran samu a cikinsa, ta yadda mai saye za ta san abin da ta biya kuɗinsa tun kafin ta buɗe shafin farko. Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta taƙaita sharuɗɗan wannan fanni zuwa biyu: soyayya ta zama ginshiƙin labarin, kuma a ƙare da kyakkyawan fata wanda zai kwantar wa mai karatu hankali. Tunda ƙarshen sananne ne, gwanintar marubuciya tana bayyana ne a hanyar da ta bi da mutanenta kafin su isa can.

Goyon ba-zatan yakan zo ta fuskoki kaɗan. Wani lokaci ciki ne ya shiga ba shiri, mai shi kuma ya juya baya ko ya rasu. Wani lokaci 'yar'uwa ko aminiya ce ta mutu ta bar wasiyyar a riƙe mata ɗanta. Akwai kuma na jaririn da aka ajiye a bakin ƙofa, kamar yadda ya faru a littafin Virgin River na Robyn Carr da ya fito a 2007, wanda Netflix ya mayar da shi shiri mai dogon zango a 2019: ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma da mijinta ya rasu ta baro Los Anjelis zuwa wani ƙauye a tsaunukan arewacin Kalifoniya, tana shirin tattara kayanta ta koma sai aka tsinci jaririya a ƙofar gidan likitan garin, wannan ne ya tsayar da ita.

Waɗannan abubuwa suna da tushe a rayuwar mutanen can. Kimanin kashi 40 cikin 100 na haihuwar da ake yi a Amurka matan da ba su da aure ne ke yin ta, kuma wani bincike da ya duba shekarar 2011 ya gano cewa kashi 45 cikin 100 na cikin da aka ɗauka ba a shirya masa ba. Dokar tarayya ta 1993 ta ba wa mai jego hutun mako 12 ne kawai, shi ma ba tare da albashi ba, kuma ba kowace ma'aikaciya dokar ta shafa ba. Hatta ajiye jariri yana da doka: jihar Texas ce ta fara a 1999 da barin uwar da ta kasa riƙon jaririnta ta miƙa shi a asibiti ko makamancinsa ba tare da an gurfanar da ita ba, kuma zuwa 2008 duka jihohi 50 sun yi irin wannan doka. Saboda haka matar da ke karanta labarin a can tana ganin tsoron da ta sani ne, tsoron ta haihu ita kaɗai a birnin da ba wanda zai ɗaga mata ko tukunyar ruwan zafi.

A nan ne ƙaramin garin yake shigowa. Ƙidayar 2020 ta nuna kashi 80 cikin 100 na Amurkawa a birane da kewayensu suke zaune, don haka garin da kowa ya san kowa, wanda mai gidan abinci ke aiko wa baƙuwa da miya ba tare da an roƙe ta ba, abu ne da yawancin masu karatun suke begensa domin ba su da shi. Mu da muka tashi muka ga ana ɗauke wa mai jego aiki har kwana arba'in, ana dama mata kunun kanwa, ana karɓar jaririn daga hannu zuwa hannu, wannan ɓangaren ba zai ba mu mamaki ba. Abin da yake riƙe ki, a ganina, shi ne ɗaya ɓangaren. Macen da aka ci amanarta tana iya rantsuwa ba za ta sake dogara da kowa ba, ta kuma cika rantsuwar muddin ita kaɗai ce, amma ranar da jariri ya kwana yana zazzaɓi dole ta ƙwanƙwasa ƙofar wani. Jaririn ne yake tilasta mata karɓar taimako, daga nan kuma sai a ga ko wanda ya taimaka ɗin ya cancanci a yarda da shi. Wata malamar jami'a, Janice Radway, ta zauna da mata masu karanta littattafan soyayya a wani gari na tsakiyar Amurka, ta wallafa abin da ta gano a 1984, kuma daga cikinsa akwai cewa matan da suke wuni suna hidimar kowa suna neman labarin da a cikinsa ake yi wa mace hidima ita ma. Ina jin wannan bayanin ya haɗa da mu.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni uwa ce a Katsina. Na ga 'yata mai shekara 16 tana karanta wani littafi a waya, a bangonsa ga mace da ciki, kuma da na tambaye ta sai ta ce matar ba ta da aure. Hankalina ya tashi. In ƙwace wayar ne?

AMSA: 'Yar'uwata, tashin hankalinki yana kan hanya, kuma ba zan ce miki duka littattafan nan sun dace da yarinya mai shekara 16 ba, domin akwai masu bayyana sha'anin kwanciya ɓaro-ɓaro. Akwai kuma waɗanda ba su da wannan ko kaɗan, kamar rukunin Love Inspired da aka fara a 1997 domin masu karatu Kiristoci masu riƙo da addini, inda sau da yawa jaririn maraya ne ko ɗan 'yar'uwa. Bango ba zai gaya miki wanne ne a hannunta ba, sai kin karanta, ko kin sa wata babba da kika amince da ita ta karanta miki.

Ƙwacewa kaɗai ba na jin za ta biya miki buƙata. A 2007 an ƙona littattafan soyayya na Hausa a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, amma karatun bai tsaya ba, yau ma ga shi ya koma cikin waya inda ido ba ya kaiwa. Abin da ya fi amfani shi ne ki zauna da ita ki nuna mata abin da labarin ya rufe. A littafi, ƙaramin gari yana da likita mai kirki a bakin titi, alhali rahotannin ƙungiyar March of Dimes sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na gundumomin Amurka ba su da asibitin haihuwa ko likitan mata, kuma yawancinsu a karkara suke. A littafi, namiji mai haƙuri yana bayyana kafin a yaye yaron, a rayuwa kuwa mata da yawa su kaɗai suke ƙarasa renon. Ki gaya mata hukuncin addininmu a kan abin da ya kai matar ga wannan hali, ki kuma bar ta ta faɗi abin da ya burge ta a labarin, domin daga amsarta za ki san inda zuciyarta ta dosa. Idan littafin na batsa ne, ki hana shi kai tsaye, ki faɗa mata dalili, ki kuma nemo mata wani a madadinsa.

TAMBAYA: Anti, ina gaisuwa. Yayata ta rasu wajen haihuwa, aka bar mini jaririyar, yanzu tana da shekara biyu kuma ni take kira Mama. Wanda zan aura a lokacin ya janye da ya ga da gaske nake ba zan rabu da ita ba. Yanzu wani ya fito, yana nuna yana son mu duka biyu, amma na kasa sakin jiki da shi. Ina karanta waɗannan littattafai ina kuka domin kamar ni ake nufi. Shin da gaske suna koya wa mutum yadda zai sake yarda da wani, ko ruɗin kai ne kawai?

AMSA: Ƙanwata, Allah ya jiƙan yayarki, ya raya abin da ta bari, ya kuma saka miki da mafificin alheri. Wasiƙarki ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin duk na wannan watan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mai ɗaukar nauyin maraya albishir da kusanci da shi a Aljanna, kuma ko da yake a shari'a maraya shi ne wanda ya rasa uba, wadda ta rungumi jaririyar da ta rasa uwa tun ranar haihuwa ba za ta rasa babban rabo a wurin Allah ba. Kasa sakin jikin da kike yi kuma ba laifi ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Littattafan nan kashi biyu ne a wurina, kuma da ma'auni ɗaya nake raba su: ta yaya namijin ya sami yardar matar? A cikin masu rauni, marubuciya takan yi gaggawa. Namijin kyakkyawa ne, mai dukiya ne, ya yi wata bajinta guda ɗaya, ko ya tsamo yaron daga ruwa ko ya biya bashin gida, shi ke nan sai duk tsoron matar ya narke a shafi ɗaya. Mafi muni a cikinsu su ne waɗanda ke nuna kishi mai tsanani da bin diddigi da yanke wa mace hukunci ba shawara a matsayin alamar ƙauna. Irin waɗannan ba abin da za su koya miki sai cutarwa, domin suna sa mace ta ɗauka cewa shakkarta ciwo ne da ya kamata a warkar, alhali sau da yawa shakkar ce take kare ta.

Masu kyau kuwa suna tafiya a hankali, har mai karatu ta ƙosa. Namijin yakan ce zai zo da safe ya kuma zo da safen. Yakan ji an ce masa a'a ya tsaya a nan, ba fushi ba gori. Yakan yi kuskure ya amsa laifinsa da bakinsa ba tare da ya juya maganar ta koma kanta ba. Yakan kula da yaron a lokacin da ba wanda yake kallonsa. Sannan matar ba ta dogara da abin da idonta kaɗai ya gani ba, domin a ƙaramin gari akwai tsofaffin da suka san shi tun yana yaro, suka san yadda ya riƙe mahaifiyarsa da yadda ya rabu da matarsa ta fari. Wannan shi ne amfanin ƙaramin garin a cikin labarin, kuma shi ne abin da iyayenmu suke yi da sunan bincike kafin a karɓi kuɗin gaisuwa. Littafin da ya bi wannan hanya zai iya nuna miki abin da za ki duba, ko da yake ba zai iya duba miki ba.

Don haka ki ba wa kanki lokaci, ki kuma sa manyanki maza su yi bincike na gaske a unguwarsu da wurin sana'arsa. Ki lura da fuskarsa ranar da yarinyar ta yi rigima ta katse muku hira, domin wannan ranar ta fi ranar da ya kawo mata alewa faɗin gaskiya. Ki tambaye shi a fili, a gaban shaidu, ko ya amince ta zauna a gidansa, ki kuma ji ra'ayin mahaifiyarsa, tunda mun san irin zaman da agola kan yi a gidan da uwar miji ba ta so. Akwai kuma ɓangaren shari'a da bai kamata a bari sai bayan ɗaurin aure ba. A littafin Risala, wanda malamanmu na Malikiyya ke karantarwa, renon yaro bayan uwa yana komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan ga 'yar'uwar uwa, wato ke, amma ciyarwa da tufatarwa suna kan mahaifinta, kuma malamai sun yi bayanin cewa auren mai reno da wanda ba muharramin yaron ba yana iya shafar haƙƙinta na riƙo. Ki sami malami masani ku zauna da dangin mahaifin yarinyar a daidaita wannan tun yanzu. Idan kuma kukan da kike yi ya wuce na karatu, ya zama ba kya barci ko ba kya jin daɗin komai, ki je asibiti ki faɗa wa likita, domin nauyin da kika ɗauka tare da makoki ba ƙarami ba ne.

TAMBAYA: Ranki ya daɗe, ni matashi ne daga Damagaram, ina rubuta labarai ina sakawa a WhatsApp. Ina so in rubuta irin wannan labari da Hausa. Ta ina zan fara?

AMSA: Ɗana, ka fara da ajiye taswirar Amurka a gefe. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a ɗauko labarin can ɗungurungum a sauya sunaye kawai, sai ka ga budurwa ta kama haya ita kaɗai a ƙauye da jariri a hannu, maƙwabcinta saurayi yana shigo mata da dare yana gyara mata famfo, kuma ba mai unguwa ba liman ba wanda ya ce uffan. Mai karatu Bahaushiya za ta ajiye shi tun a babi na biyu.

Kayan aikin da kake da su a gida sun fi na aro yawa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma bayan kowace ɗaya daga cikinsu akwai yiwuwar jaririn da wata kaka ko inna ko kishiya za ta goya ba tare da ta shirya ba. Ga amaryar da aka kai gidan da uwargida ta rasu ta bar 'ya'ya ƙanana. Ga bazawarar da ta gano tana da ciki bayan an sake ta, wadda iddarta ba za ta ƙare ba sai ta haihu kamar yadda ya zo a Suratuɗ Ɗalaƙ, ga kuma mijin yana da damar kome a tsawon wannan lokaci, ka ga watanni ne cur na tambayar ko za a sake yarda da wanda ya riga ya yi saki. Ga wadda ba ta taɓa haihuwa ba aka ba ta riƙo, ta shaƙu da yaron, sannan iyayensa suka aiko a mayar musu da shi.

Ka kuma san inda dokokin suka bambanta. A labaran Amurka ƙarshen farin ciki sau da yawa shi ne namijin ya je kotu ya mayar da yaron ɗansa, ya ba shi sunansa. A Musulunci aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a kira yara da sunan ubanninsu, don haka gwarzon labarinka zai nuna ƙaunarsa ne ta hanyar riƙo da tarbiyya da kyauta ko wasiyya, yana sane da cewa yaron ba zai gaje shi ba. Shayarwa kuma tana ƙulla muharramaka, wanda wannan kaɗai zai iya juya labari gaba ɗaya idan ka san hukuncinsa da kyau. Idan ka zaɓi taɓa batun cikin da aka yi ba aure, ka rubuta shi da nauyin da yake da shi a cikin al'ummarmu, ba tare da ka ƙawata laifin ba, ba kuma tare da ka ɗora wa jaririn da bai ji ba bai gani ba.

Marubutanmu sun riga sun share maka hanya. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya tun 1980, Balaraba Ramat Yakubu kuma a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 ta ba da labarin matar da miji ya kora da 'ya'ya tara ta tashi tsaye ta riƙe su da sana'arta. Ka karanta su ka ga yadda ake sa dangi da maƙwabta su zama masu motsa labari. Daga nan ka zaɓi gari ɗaya da ka sani sosai, ko Mirriya ne ko Matamaye ko Magarya, ka san ranar kasuwarsa da nisan asibitinsa da wanda ake kira idan naƙuda ta zo da tsakar dare. Kafin ka rubuta babin jego, ka zauna da wata ungozoma ko kakarka ta bayyana maka yadda ake wankan jego da abin da ake ba wa jaririn da uwarsa ta rasu a kwanakin farko. Idan ka kammala babi uku na farko ka aiko mini ta adireshin mujalla, zan karanta in ba ka amsa a wannan shafi.